Sandunan Kudu Huɗu

Ranar Litinin da safe, kafin burodin farko ya huce a gidan burodi, duk garin Kestrel ya ji an sare sandunan.

Dokar garin ce tun da daɗewa: duk wanda zai yi gini mai hawa, sai ya fara kafa dogayen sanduna a kusurwoyin da ginin zai tsaya, ya ja raga mai ruwan lemo daga kan wannan zuwa kan wancan, su yi kwana goma a tsaye kowa ya ga inda ginin zai kai a sama, sannan majalisar gari ta kaɗa ƙuri'a. Sanduna goma sha biyu aka kafa a tsohon filin ajiye motoci, inda ake son gina sabuwar tsakiyar gari: gine-gine uku, shaguna a ƙasa, gidajen zama a sama, dandali a tsakiya, babu mota ko ɗaya, kowa da ƙafarsa. Saura kwana ɗaya su cika goma aka wayi gari huɗu na kwance a cikin ƙanƙara.

Ba a sha wahalar neman wanda za a ɗora wa ba. Wendell Haskett, mai gareji a gabashin filin, wanda shekara talatin da ɗaya ke nan shi ke share wa garin ƙanƙara daga tituna, ya faɗa a gidan burodi, ya faɗa a majalisa, ya faɗa wa duk baƙon da ya tsaya shan mai, cewa garin da ba a ajiye mota a cikinsa ba gari ba ne, wurin ɗaukar hoto ne, kuma wata rana da hannunsa zai kwantar da sandunan nan. Da ɗan sanda Royce Tillery ya zagaya bayan garejin, ya tarar da zarto rataye a ƙusarsa, zaren raga mai ruwan lemo maƙale a haƙoransa. Ya tambayi tsohon inda yake jiya Lahadi bayan azahar, lokacin da gari ya kwashe zuwa gindin dutse kallon tseren zamiya a kan ƙanƙara na 'yan makaranta. Wendell ya ce wannan ba ruwan kowa. Kafin ƙarfe tara majalisa ta karɓe makullin motar share ƙanƙara daga hannunsa, aka ce ranar Laraba zai gurfana gaban alƙali.

Daga nan ne Royce ya kira Ofelia Quintana.

Shekararta sittin da biyu. Ubanta ya yi kiwon tumaki a duwatsun nan tun kafin a san za a samu mai biyan kuɗi don ya zame daga kansu. A bayan ɓatattun tumaki ta koyi bin sawu, daga baya ta koma bin ɓatattun maharba da 'yan yawon buɗe ido. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa cewa ta ga abin da ba ta gani ba.

"Inna, ba wai ina shakka ba ne," in ji Royce. "Alƙali ne zai so ya ji daga bakin mai bin sawu."

"Idan ba ka shakka, me ya hana ka karya kumallo?" Ta nuna masa burodin da ke leƙowa daga aljihunsa, ko ciza bai yi ba. "Janye min mutanen nan daga kan ƙanƙarar."

Mutanen suka ja baya suna gunaguni. Wata ta ce ai Ofelia ba za ta tsaya wa Wendell ba, tunda 'yarta ce ta tara a jerin masu jiran gidajen. Gaskiya ne. 'Yar tata, Pilar, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garin, amma albashinta ba ya kama ɗaki a Kestrel, inda masu kuɗin birni suka saye gidaje suna kwana a ciki sau biyu a shekara. Mil talatin da takwas take tuƙi kullum ta hanyar kwazazzabo, da jaririya a kujerar baya. Hawa na huɗu na ginin kudu, na ma'aikatan gari ne. Ofelia ta ji abin da matar ta ce, ba ta waiwaya ba.

*

Awa guda ta yi a filin, yawancinta a durƙushe.

Mutum ɗaya ne. Takalmin roba ne irin wanda ake sayarwa a shagon kayan aiki, rabin mazan garin da shi suke yawo, har da wasu matan. Ya fito daga bayan gareji, inda kowa ya san zarton Wendell yake, don ba wanda bai taɓa aronsa ya mayar ba. Ya wuce sandunan ginin gabas bai taɓa su ba. Ya sare huɗun kudu, ya koma. Gefen sawun ya narke kaɗan sannan ya daskare, wato rana na kansa lokacin da aka taka shi. Ƙanƙara ta daina zuba ranar Lahadi da tsakar rana, rana kuma ta faɗa bayan dutse wajen ƙarfe huɗu. Tsakanin nan aka yi aikin.

Royce ya rubuta duka, ya ce ai duk wannan ya dace da Wendell.

Ofelia ba ta musa ba. Abin da ya tsaya mata wani ne daban. A tsakiyar fili, inda babu komai sai farar ƙanƙara shimfiɗe, sawun ya miƙe, ya karya kwana, ya sake miƙewa, ya sake karyawa. Sau uku a zuwa, sau uku a dawowa, a wurare guda. Ta sa sandarta ta tone ɗaya daga cikin wuraren da ya karya kwanar, ko akwai dutse ko rami. Kwalta ce kawai, da ɗan shafen tsohon fenti, irin wanda ba a rasawa a filin ajiye motoci.

"Maye ya yi?" in ji Royce.

"Mai maye ba ya karya kwana tsaf haka."

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwoyinta, ta tambaye shi wa ginin kudu ya fi tsone wa ido. Royce ya ɗaga kai ya dubi otal ɗin da ke tsallaken titi.

*

Marjorie Dahl ta tarbe su a ƙofar otal ɗinta da sanda a hannu, don wata biyu ke nan da aka yi mata aiki a gwiwa. Ba ta ɓoye ba: ginin kudu zai tare wa ɗakunanta takwas ganin Tsohon Sanƙo, dutsen da baƙinta ke biyan kuɗi don su farka su gani. Ta ce ta rubuta wa majalisa wasiƙa uku, ta huɗun na kan tebur.

"Amma Royce, ɗan nan, dube ni da kyau. Ni da nake hawa matakala kamar ina roƙonta gafara, ni zan ɗauki zarto? Jiya ina gindin dutse ina raba koko, ruwan cakulan mai zafi. Kofi biyu ka sha, na uku ka ce na matarka ne, ita kuwa tana Denver."

Royce ya sosa ƙeya. Ofelia ta nemi izinin hawa ɗakin sama.

Daga tagar, filin ya kwanta a gabanta kamar takarda. Ga hanyar da mutanen gari suka saba yankewa, a karkace, daga kusurwar gidan waya zuwa ta gidan burodi, an tattake ta ta yi faɗi. Ga sawun yara, ga na karnuka, duk a karkace, kowa ya nufi inda zai je ta mafi kusa. Sawu ɗaya tak ne ya bi filin a miƙe yana karya kwana. Ta daɗe tana kallonsa har ya zauna mata a ka, sannan ta sa Royce ya ɗauki hotonsa daga nan.

Marjorie ta ce ita dai ba ta son Wendell, ba ta taɓa sonsa ba, amma a shekara talatin bai taɓa barin ƙofar otal ɗinta a toshe ba, ko a shekarar da ba sa gaisawa.

*

Mai zanen ginin suka tarar a ofishin da ya kama haya a saman shagon kayan aiki. Colin Varga sunansa, bai kai arba'in ba, shekara biyu ke nan yana Kestrel a kan aikin nan. Mutane na sonsa. Ya zauna da kowa, ya saurari kowa, duk kakar bana kuma shi ya riƙa zagayawa da jama'a cikin filin, rukuni-rukuni, yana nuna musu inda komai zai kasance. Ya ba Ofelia kujerarsa, ya ce ya san sunan Pilar a jerin, ya ce irin su Pilar ya zana wa ginin.

Da aka zo kan Wendell, ya ce shi ba ya son a hukunta tsoho, sanduna ne kawai, za a kafa wasu. Royce ya tuna masa cewa kwana goman za su koma farko, ƙuri'ar daren yau ta tashi ke nan.

"Na sani," in ji Colin. "Ba komai. Za mu jira."

Ya ce jiya yana nan a ofis yana aiki, shi kaɗai. Takalmin fata ne a ƙafarsa. Na roba guda uku ne jere a bayan ƙofa, na masu zuwa ganin fili.

A kan matakala Royce ya ce mutumin kirki ne, da wani ne da tuni ya ɗauki lauya. Ofelia ta ce haka ne. A ranta kuwa tana juya abu guda: mutumin da ya yi shekara biyu yana jiran ƙuri'a, an ɗage ta saura awa goma, bai ko ɓata fuska ba.

*

Gidan Wendell na can ƙarshen titin majami'a. Ita kaɗai ta je. Ya buɗe ƙofa bai ce ta shigo ba.

"An turo ki ki shinshino ni, 'yar mai tumaki?"

"Da shinshina ce da tun daga titi na gama, Baba Wendell. Man injin nan naka."

Ya matsa ta shiga. Matarsa Verna na zaune kusa da murhu, da keken dogarawarta mai ƙananan tayoyi a gefe. Tun da shanyewar ɓarin jiki ya same ta shekara uku da suka wuce, ba ta fita idan ƙanƙara ta sauka, don matakala goma sha ɗaya ce daga ƙofarsu zuwa titi. Ta yi wa Ofelia murmushi da rabin fuskar da ke motsi.

Wendell ya ce bai sare ba, amma wanda ya sare Allah ya yi masa albarka. Inda yake ranar Lahadi kuwa, ko alƙali ba zai ji ba. Su riƙe makullinsu, su ga yadda garin ƙafa zai yi idan ƙanƙara ta kai gwiwa. Ya faɗi haka da ƙarfi, amma idonsa na kan ƙusar da ke jikin ƙofa, inda makullin ya saba rataya. Verna ta buɗe baki za ta yi magana, ya dube ta, ta rufe.

Ofelia ba ta matsa ba. Ta sha kofin da aka ba ta, ta yi sallama. A waje ta tsaya a gindin matakala. Sawun Wendell ya nutse fiye da nauyinsa a kowane taki, kamar mai ɗauke da kaya. A ƙasa kuma, daga matakalar ƙarshe zuwa inda yake ajiye motarsa, ga layi biyu na ƙananan tayoyi. Gefensu ya narke ya daskare.

Ya sauko da Verna a hannu ke nan, ranar Lahadi, da rana. Ina za a kai mai keken dogarawa a Kestrel ranar Lahadi bayan azahar? An tashi daga majami'a, gidan burodi a rufe, asibiti kuwa da Pilar ta faɗa. Wuri ɗaya ya rage mai gangaren hawa: zauren ofishin gari, wanda ba a kulle shi don masu jiran bas su samu inda za su fake wa sanyi.

Gangaren na gefen inuwa, kuma ba wanda ya share shi, tunda mai sharewar an karɓe masa makulli. Layin tayoyin na nan, hawa da sauka, da babban takalmi a gefensu.

A zauren babu komai sai benci biyu da tebur mai murfin gilashi. A ƙarƙashin gilashin aka ajiye ɗan ƙaramin samfurin sabuwar tsakiyar gari, na kwali da katako, har da 'yan mutane kamar ƙwayar shinkafa. A gefen gilashin, daidai tsayin wanda ya sunkuya a kan keke, akwai shatin yatsa, an dangwala an sake dangwalawa a wuri guda: wata ƙofa a ƙasan ginin gabas, cikin gidajen da aka ware wa tsofaffi, waɗanda ba su da matakala ko ɗaya.

Ofelia ta yi dariya ita kaɗai, a hankali. Mutumin da ya yi shekara biyu yana zagin aikin nan a kowace kusurwa, ya jira gari ya watse ya kawo matarsa ta zaɓi ƙofa. Gara masa kotu da a ji.

Sai idonta ya bar ƙofar ya bi 'yan lungunan da ke tsakanin gine-ginen. Daga bayan gareji, a miƙe ta gefen ginin gabas. Kwana, a bi ta ƙarƙashin rumfar shaguna. Kwana, a kewaye wurin da za a yi murhun dandali. Kwana, sai ginin kudu.

Ta san wannan tafiyar. Da safe ta gan ta daga tagar Marjorie.

Ta zauna a benci. Ranar yamma ta shigo ta taga a kwance, ta faɗa kan samfurin, inuwar ɗan ginin kudu ta miƙe ta haɗiye dandalin duka. Ofelia ta ƙirga kwanaki. Tun ranar da aka kafa sandunan hadari ne a sama. Rana ba ta fito ba sai Lahadi da tsakar rana.

Hanya biyu ta gani a gabanta, kuma ba ta yaudari kanta a kan ko ɗaya ba. Tana iya kai Royce gangaren nan, ta tona asirin tsoho, watakila alƙali ya sake shi, watakila ya ce awa huɗu ta isa mutum ya yi abu biyu. Wanda ya sare ba za a san shi ba, hawa na huɗu ya tsaya, Pilar ta daina bin kwazazzabo. Ko kuma ta faɗi abin da ƙanƙara ta nuna. Ta tuna jikarta a kujerar baya, ta tuna kwanar nan ta wajen gada inda motoci biyu suka faɗa bara. Ta daɗe a zaune har inuwar ta bar teburin.

Sannan ta kira Royce, ta ce ya tara mata mutane a filin gobe ƙarfe goma sha biyu saura kwata, ya wanko hoton nan babba, ya kuma samo maza shida masu ƙarfi da igiya.

*

Ƙanƙara ta ɗan zuba kafin asuba, ta rufe komai, gari ya waye tas. Royce ya zo ransa a ɓace, ya ce shaidarsu ta tafi. Ofelia ta ce daidai ke nan.

'Yan majalisa biyar sun zo, Marjorie da sandarta, Colin da naɗin takardunsa, Wendell da hannuwa a aljihu, da kusan rabin gari a bayansu. Ofelia ta tsayar da su a bayan gareji. Tun da safe ta zagaya ta bakin kogi ta kafa sandarta a kututturen sandar kudu mafi nisa, ta ɗaura mata jan ƙyalle. Tsakaninsu da ita babu ko sawun tsuntsu.

Ta ce tana son ganin tsawon takin mutum uku, kowa ya je ya taɓa sandar ya tsaya can. Colin ya fara, tunda shi ne ƙarami.

Ya miƙa wa wani takardunsa, ya kama hanya, kansa a sunkuye. Ya bi a miƙe. A tsakiyar fili, inda babu komai, ya karya kwana. Ya yi taki ashirin, ya sake karyawa. Wata yarinya ta tambayi uwarta me yake kauce wa. Ya karya ta uku, ya isa.

Wendell ya bi, yana gunaguni, ya yanke a karkace kamar an ja zare. Marjorie ta ce gwiwarta ba ta wasan yara ba ce, amma ta je, ita ma a karkace, cikin sawun Wendell.

Da jama'a suka taru a can, Ofelia ta ce Royce ya ɗaga hoton. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce wannan sawun wanda ya sare sandunan ne, an ɗauke shi jiya daga tagar otal. Su dubi hoton, su dubi filin. Duk wanda aka haifa ko ya tsufa a Kestrel, filin nan fili ne a wurinsa, yana yanke shi ta inda ya ga dama. Mutum ɗaya ne kawai yake ganin bango a nan. Duk kaka ya bi layukan fentin da ya shata a kan kwalta, yana nuna wa mutane ƙofofi da lunguna, har ƙafarsa ta haddace. Ƙanƙara ta rufe fentin, ƙafar ba ta manta ba.

Colin ya dubi hoton. Ya juya ya dubi sawunsa. Wani ɗan majalisa ya ce wannan ba hankali a ciki, don me mutum zai sare sandunan aikinsa?

"Ku tayar da guda ɗaya," in ji Ofelia.

Mazan shida suka ja igiya, sandar ta miƙe a kan kututturenta, ƙafa arba'in da 'yan kai, da guntun raga na lilo a samanta. Ƙarfe goma sha biyu daidai. Inuwarta ta kwanta a kan ƙanƙara, ta ratsa inda dandali zai kasance daga wannan gefe zuwa wancan, ta haye bakin titi. Ba wanda ya buƙaci a yi masa fassara. Mutanen dutse ne, sun san abin da wurin da rana ba ta taɓawa yake zama daga Nuwamba zuwa Maris. Dandalin da aka ce za a riƙa zama ana shan kofi, yara na wasa, tsofaffi na tafiya, ƙanƙara ce za ta daskare a kansa wata huɗu.

Colin ya yi magana ba tare da an tambaye shi ba, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce da hawa uku ya zana ginin, ya auna inuwarsa ta yi daidai. Da aka ƙara na huɗu don gidajen ma'aikata, murna ta sa bai sake aunawa ba. Ranar Lahadi da rana ta fito ya leƙo ta tagar ofis ya gani. Washegari da tsakar rana majalisa za ta zagaya filin. Ya yi tunanin idan sandunan suka faɗi zai samu kwana goma ya gyara zanen a ɓoye, ba wanda ya san ya yi kuskure. Zarton kuwa, aro ya yi kamar kowa, ya mayar kamar kowa.

"Ban yi nufin a ɗora wa Baba Wendell ba."

"Na yarda," in ji Ofelia. "Amma an ɗora masa jiya ƙarfe tara, kai kuma ka ba ni kujerarka ƙarfe goma sha ɗaya."

Royce ya matso ya tsaya kusa da Colin, bai taɓa shi ba.

Shugabar majalisa ta ciro makulli daga jakarta ta miƙa wa Wendell, ta fara ba shi haƙuri, ya karɓe kafin ta gama. Sai wani daga baya ya ce to magana ta ƙare, a cire hawa na huɗu kawai. Kawuna suka fara gyaɗawa. Ofelia na tsaye, ta kama sandarta da hannu biyu. Ta san haka za a ce tun jiya. Wani kuma ya tambaya, to shi Wendell ina ya je ranar Lahadin? Ta ce wannan ba ya cikin abin da aka kira ta ta duba.

Wendell ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, ya gane ta sani.

"Ku dai ba ku da kai," ya ce da jama'a. "Ku cire hawan ku kai shi ina, ma'aikaciyar jinyar da ke auna wa matata jini ta ci gaba da kwana a kwazazzabo? Ku ɗora shi a kan ginin gabas. Inuwar ta faɗa a kan garejina. Ba abin da ke shan rana a can sai tsofaffin tayoyi." Ya juya ga Colin. "Kai kuma, idan alƙali ya gama da kai, ka zo ka zana shi da kyau. Wannan karon ka fito waje ka dubi rana da idonka."

Marjorie ta ce shekara talatin tana jiran ranar da zai faɗi abin hankali, ga shi ta zo ba ta da kyamara. Ya ce ta je ta raba koko.

Majalisa ba ta yanke komai a ranar ba. An ce za a sake zane, a sake kafa sanduna, a sake ƙirga kwana goma. Ofelia ta kira Pilar ta faɗa mata duka, har da abin da ta yi tunani a benci. Pilar ta ce sai bazarar wata shekara ke nan, idan an yi sa'a. Ofelia ta ce haka ne. Pilar ta ce to ta sa mata sababbin sarƙoƙin taya na hana santsi a kyautar Kirsimeti.

*

Ranar Laraba da hantsi Ofelia ta biyo ta filin za ta gidan burodi. An share titunan gari tas tun da sassafe. A filin kuma, inda ba wanda ya sa shi, an share wata siririyar hanya daga bayan gareji, a miƙe ta gefen sandunan gabas. Ba ta kai ko'ina ba. Taki talatin ta yi ta tsaya a tsakiyar farar ƙanƙara.

Ofelia ta bi ta har ƙarshe. Layi biyu ne na ƙananan tayoyi, da babban takalmi a gefensu. A ƙarshen hanyar tayoyin sun juya sun fuskanci kudu, sun nutse kaɗan, alamar an daɗe a tsaye. Ta tsaya a wurin ita ma, ta ɗaga fuska. Rana na bugun wurin sosai, daidai inda ƙofar da Verna ta zaɓa za ta kasance.